Yi wa Dakali Riga: Kafin a Ɗora Birgi a Jikin Kankare

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Baudeta da ƙauyukanta, da na Kona, da Korgom, da Hawandawaki, da Maijirgi, har cikin garin Tasawa. Ba mu manta da ƴan uwanmu na Mayahi da duk mazauna gaɓar Gulbin Kaba ba. Da fatan an ɗauke amfanin gona lafiya, Allah ya sanya albarka a abin da aka zuba a rumbu.

Zancenmu na yau a ƙofar gida yake, a kan dakali. Wurin da maigida ke shimfiɗa buzu bayan la'asar, wurin da baƙo ke jira kafin a amsa masa sallama, wurin da jama'a ke malala idan zaure ya cika ranar ɗaurin aure ko ranar gaisuwar rasuwa. Watakila wani ma yanzu haka a kan dakalinsa yake zaune, rediyo a gefen ƙafa. A da na ƙasa ake yi, kowace shekara a sake masa yaɓe. Da siminti ya yawaita sai aka koma zuba kankare. To yau ga shi kankaren ma ya tsufa a gidaje da yawa, gefe ya gutsure, fuska ta yi baƙi, sai magidanta suka fara lulluɓe shi da birgi, wanda ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa bulo.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, da idona na ga abin da ya faru a gidan wani ɗan uwana. Ɗansa ya tafi ci-rani Agadas, ya yi watanni yana aikin ƙarfi, ya aiko da kuɗi ya ce a gyara wa Baba ƙofar gida. Aka sayo jan birgi, aka lulluɓe dakali, ya yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Damina ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu, wani dare hadari ya taso daga gabas, aka sha ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye sai ga fuskar dakalin gaba ɗaya kwance a ƙasa, kamar an kwantar da ƙyaure. Birgin bai farfashe ba, yana nan manne da juna, alamar kwaɓin ba shi da laifi. A kan rairayi aka jera shi, ruwa ya kwashe rairayin. Na tsaya ina duban wurin, gumin yaron nan kawai nake gani a kwance.

Birgin da ake jerawa a jikin dakali riga ce. Riga tana ƙara wa mutum kwarjini, tana tare masa rana da ƙura, amma idan akwai gyambo a ƙarƙashinta sai dai ta ɓoye shi ya ci gaba da ci. Saboda haka tambaya biyu nake so maigida ya riƙe kafin ya fitar da ko dala ɗaya: a kan me wannan birgi zai tsaya, kuma ta ina ruwan sama zai bi?

A fara da duba tsohon dakalin. Ɗauki guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, a dunƙule. Wurin da ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa kuwa zai yi maka amo irin na ganga, to wannan sai an fasa an cire, don ba a jingina sabon gini da abin da shi ma neman faɗuwa yake. Sai tsaga. Akwai sirara kamar gashi, wadda ta fito tun lokacin da kankaren ke bushewa ta tsaya a nan, ba ta da wata illa. Akwai kuma mai rai, wadda ke ƙara buɗewa domin ƙasa na zaunawa a ƙarƙashi. Hanyar bambancewa ba ta cin kuɗi: shafa ɗan siririn kwaɓin siminti a kan tsagar, faɗin tafin hannu, ka bar shi mako uku ko huɗu. Idan ka dawo ka tarar shi ma ya tsage, dakalin yana motsi, kuma duk abin da aka manna masa zai tsage a daidai wurin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A harkar gini, ruwa ne ƙadangaren.

Sannan ka ɗaga kai ka dubi indararo. A yawancin gidajen da na ga dakalinsu ya karkace, indararon zaure ne ke zubo ruwa daidai gindinsa, ko kuma bakin kwanon rufi. Ƙasarmu ta nan jigawa ce, rairayi ne mai saurin tafiya, kuma ruwanmu ba ya zuwa da lallashi. Na shekara guda yana sauka cikin wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, wani lokaci na mako biyu ya sauka a dare ɗaya. Idan indararo ya haƙa rami a gindin dakali, a fara tsawaita shi ko a sauya masa wuri, a jera duwatsu inda ruwan ke faɗowa. Wannan gyara yana gaban sayen birgi.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, domin mutane na raina nauyin abin. A ce dakalinka tsawonsa mita 4, tashinsa daga ƙasa rabin mita. Fuskarsa ta gaba kaɗai za ta ci ƙaramin jan birgi wajen 120, kowanne kusan kilo 3. Ka ga an tasam ma kilo 350, nauyin buhun siminti bakwai ke nan, ba a lissafa kwaɓi ba, ba a lissafa gefe da gefe ba. Wa zai jingina buhu bakwai a kan rairayi ya ce ɗan simintin da aka shafa a bayansu ne zai riƙe su? Kwaɓin da ke tsakanin birgi da tsohon kankare aikinsa hana rabuwa. Ɗaukar nauyi aikin tushe ne.

Don haka dole a yi wa birgin tushensa na kansa. A haƙa rami a bin jikin dakalin, a wuce rairayin sama mai laushi har a taras da ƙasa mai tauri. A wurare da yawa santimita 30 zuwa 40 ya isa, amma ƙasa ce ke faɗa, ba ma'auni ba: idan an kai nan har yanzu tana zubewa, a ƙara. Faɗin ramin ya ɗara faɗin birgin da kamar tafin hannu. A yayyafa ruwa, a daddaɓe gindin da kyau, sannan a zuba kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Mai hali ya shimfiɗa rodi biyu a ciki. A daidaita samansa ya kwanta sosai, a ba shi kwana biyu ko uku ana shayar da shi kafin a ɗora layin farko. Wannan tushe shi ne wurin da ake yawan yin rowa, domin ba wanda zai gan shi bayan an rufe. Ni kuwa da za a ce kuɗin ba zai isa duka ba, sai in ce a zuba tushe bana, a jira birgi baɗi.

Gargaɗi ɗaya a nan, malam magini. Inda ramin ya kusanci katangar ƙasa, a yi hattara kada a yashe mata gindi. A tsaya nesa kaɗan, ko a haƙa guntu-guntu ana cikewa. Idan kuma aka ci karo da gidan gara, a tone shi a fitar, kada a binne shi da kankare, domin ramukanta za su zauna daga baya.

Fuskar tsohon kankare kuma sai an shirya ta. Sabon kwaɓi ba ya kama wuri mai santsi, ba ya kama fenti, ba ya kama maiƙo. Dakalin da aka shekara goma ana sayar da ƙosai ko gyaran babur a kansa ya sha mai, sai an kankare. A sassare fuskar da guduma da ƙarfe mai kaifin baki har ta yi kaushi, a share, a wanke, a jiƙa ta tun daren jiya. Da safe a dama siminti da yashi ruwa-ruwa a watsa mata, a bar shi da kaushinsa. Bayan haka a huda ramuka, tsakanin kowane biyu kamar kamu ɗaya, a dasa guntayen siririn rodi da aka lanƙwasa bakinsu, yadda za su kwanta cikin kwaɓin da ke tsakanin layukan birgi. Su ne hannuwan da riga ke riƙe jiki da su. A tabbata kwaɓi ya rufe su ruf, don ƙarfen da danshi ya samu yana tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi ta fasa gini daga ciki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, har yanzu muna kan dakali. Mu je wajen sayen kaya.

Jan birgin da aka gasa ba duka ne ya gasu ba. Wanda ya zauna kusa da wuta ya yi tauri, na gefen tanda kuwa launi kawai ya sauya, cikinsa ɗanye. Ɗauki biyu ka buga su da juna. Gasasshe yana ƙara kamar ƙarfe, ɗanye sai ka ji dum. Karce shi da ƙusa, idan yana zubar da gari ka ajiye. Sako ɗaya daga daidai ƙugunka zuwa ƙasa mai tauri, mai kyau ba zai tarwatse ba. In kana da haƙuri, jefa ɗaya cikin bokitin ruwa ya kwana, da safe ka ga ko ya fara narkewa. Birgin siminti ma haka: wanda aka buga ana neman buhu ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, da yatsa za ka murje kusurwarsa. Araha ba ta ado.

Bari in ɗan ratse, domin abin yana raina. Jan birgi itace yake ci kafin ya gasu, kuma mu mutanen jihar Maradi mun san da wace wahala itatuwanmu suka dawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonaki sun zama fili fetal. Manoma ne da hannunsu suka riƙa barin tohon kututture suna yi masa sassabe, suna kiwon gawo da kalgo da sabara a cikin hatsi, har duniya ta zo tana koyo daga gare mu. Ba na so a ce don ƙawata ƙofar gida an mayar da hannun agogo baya. Wanda zai sayi gasasshe ya tambayi da me aka gasa. Akwai kuma birgin ƙasa da ake matsewa da inji, jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, ba a kai shi wuta. Wanda ya taɓa zuwa Dandaji a jihar Tawa ya ga sabon masallacin da aka kammala a 2018, wanda ƴar ƙasarmu Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara, da irin wannan birgi aka tayar da shi. Yana yi a jikin dakali, da sharaɗin tushen kankare ya ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, kuma a rufa masa kai da kyau.

Sai yashi, kuma a nan ne mu mutanen jigawa ke yawan faɗawa. Rairayin da ke ƙofar gida, wanda iska ta tara, ya yi laushi da yawa. Yana shan ruwa, yana cin siminti, ya bushe ya tsattsage. A aika amalanke ta ɗebo mai kaushi daga korama, wanda in ka murza a hannu za ka ji yana cizo. Ga gwaji da ko yaro zai iya: zuba yashin cikin kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta ta yi sa'o'i. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. Idan kaurin lakar ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a wanke shi ko a sauya wurin ɗiba. A kuma tankaɗe shi, a raba shi da kashin awaki da tsinke da saiwa.

Siminti kuwa, ko namu na Malbaza ne, inda aka kafa masana'anta tun shekarun 1960, ko wanda ke shigowa daga Najeriya, buhu kilo 50 ne kuma dokarsa ɗaya: ba ya son tsufa, ba ya son danshi. Danna buhun kafin ka biya. Idan ka ji ƙulalai masu tauri da yatsa ba ya murjewa, ya riga ya sha iska, ƙarfinsa ya ragu. A gida a ɗora shi kan katako ko itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kuma kada a saye shi a ajiye wata da watanni ana jiran kuɗin magini.

Kwaɓin jera birgi, awo ɗaya na siminti, huɗu zuwa biyar na yashi. A auna da bokiti ɗaya, kada a auna da shebur, domin shebur ɗin safe da na yamma ba ɗaya ba ne. Wasu magidanta na tsaye a kan magini suna cewa ƙara siminti, ƙara siminti, a zatonsu ƙarfi ke nan. Kwaɓin da ya fi birgi tauri, idan gini ya ɗan motsa, birgin ne zai fashe, alhali da kwaɓin ne ya tsage sai a ƙwaƙule a sake cikewa. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a sa ruwa kaɗan-kaɗan, ruwa mai tsabta irin wanda za a iya sha, ban da ruwan wanki mai sabulu. A kwaɓa abin da za a ƙarar cikin sa'a guda. Wanda ya fara daskarewa kada a farfaɗo da shi da ruwa, ya riga ya tafi.

Jan birgi mai ƙishirwa ne. In aka ɗora shi a bushe zai tsotse ruwan kwaɓin kafin simintin ya kama, sai ka ga an jera amma da hannu za a ɓamɓare. A tsoma shi a ruwa, a fitar ya tsane, sannan a ɗora. Na siminti yayyafi ya ishe shi. A fara da kusurwoyi biyu, a ja zare tsakaninsu, kowane layi ya bi zare. Kaurin kwaɓi tsakanin birgi da birgi kamar santimita ɗaya, kaurin ɗan yatsa. Gaɓar layin sama ta faɗa tsakiyar birgin ƙasa, kada gaɓa ta hau gaɓa. Kuma duk layin da aka ɗora, a cusa kwaɓi a bayansa har ya cika tsakaninsa da tsohon kankare. Kogon da aka bari a nan tulun ruwa ne da damina, da rani kuma ɗakin kunama, a wurin da yara ke wasa.

Mun zo kan tambaya ta biyu, hanyar ruwa, kuma ina roƙon a ƙara kasa kunne. Tsakanin tsohon dakali da sabon birgi akwai layin haɗuwa a sama, yana kallon sararin samaniya. Duk yadda aka cike shi, rana za ta buɗe shi, domin tsohon kankare da sabon gini ba sa miƙewa da takurewa tare. Ta nan ruwa ke shiga ya sauka bayan riga. Maganinsa a yi wa dakalin hula: a zuba sabon kankare mai kaurin santimita 5 ko fiye, ya rufe tsohon da sabon gaba ɗaya, ya kuma zarce fuskar birgin da yatsa biyu, ya yi leɓe. A ƙarƙashin leɓen a ja ɗan siririn kwari tun kankaren yana ɗanye, yadda ruwa in ya zo nan zai ɗiga ƙasa maimakon ya lallaɓa ya bi jikin birgi. Hular kuma ta gangara waje, ta juya wa gida baya, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Ido ba zai gani ba, mai zama ba zai ji ba, amma ruwa zai sani.

A lura da dokin ƙofa. Hula tana ƙara wa dakali tsawo, kuma idan dakalin ya haɗe da bakin zaure har ya kai ko ya wuce dokin ƙofa, an yi wa ruwa hanya zuwa cikin gida. A auna tun kafin a fara. In akwai matakala, kowane taki ya zama daidai da ɗan uwansa, kamar santimita 15 zuwa 17. Ƙafa tana haddace takin farko, in na biyu ya saɓa sai tuntuɓe, kuma tsofaffinmu ne ke fita sallar asuba cikin duhu.

Yawancin dakalanmu jingine suke da katangar ƙasa, kuma siminti da ƙasa ba su taɓa zama abu ɗaya ba. Ginin ƙasa yana numfashi: ya sha danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Magabatanmu sun san haka, shi ya sa kariyar da suke yi masa irin wadda ke barin shi ya sha iska ce, makuba daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A kan wannan sani Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa tun 1962, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Siminti kuwa toshewa yake yi. Idan aka bi gindin katangar ƙasa aka manna mata birgi da siminti har sama, danshin da ya shiga ba shi da mafita, sai ya zauna yana narkar da tubali daga ciki. Waje fes, ciki kogo, maigida bai sani ba sai ranar da ta zauna. Daminar 2024 ta nuna mana abin da ruwa ke iya yi. Gidaje da yawa sun rushe a Maradi da kewaye, a Damagaram kuma tsohon masallacin nan na ƙasa da aka gina tun ƙarni na 19 ya faɗi a farkon watan Satumba. Gindin katanga ba wurin wasa ba ne.

Don haka inda hular dakali ta taɓa katangar ƙasa, kada a dogara da siminti ya like wurin. A cike da kwaɓin ƙasa mai kyau, a ɗan tayar da shi ya hau kan hular yadda ruwan da ya gangaro daga bango zai zame waje, kuma a riƙa sabunta shi duk shekara kafin ruwan farko, lokacin da ake yaɓen soro. Wanda ƙofarsa ke kallon gabas ya ninka kula, tunda daga can hadarinmu ke tasowa da feshi.

Wane lokaci ya fi? Bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, rana ta yi sauƙi kuma hannu da ɗan abin kashewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kwaɓi yana ƙonewa tun a kan cokalin gini. In dole sai a lokacin, a yi da sassafe da kuma bayan la'asar. Amma hunturu ma yana da nasa sharrin, iskarsa tana busar da gini ba a ankara ba. Jama'a, siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha, su haɗu su zama dutse, kuma aikin yana ci gaba har kusan kwana 28. In ruwan ya ƙare da wuri, ƙarfin ya tsaya a inda ya tsaya. A rufe aikin da tsofaffin buhunan algarara ko tabarmin kaba, a jiƙa su safe da yamma, kwana bakwai a ƙalla, kuma a hana zama a kai kwanakin nan.

Na san abin da wannan ke nufi a garin da rijiya ke da zurfi. Ruwan nan iyayenmu mata da ƴaƴanmu ne za su jawo shi ko su bi layin famfo. Maigida, sa kuɗin ruwa cikin lissafinka tun farko kamar yadda ka sa na siminti, ka ɗauki mai amalanke ya kawo jarkoki, kada a ɗora wa uwargida nauyin dakali a kan na girki da na dabbobi. Rufewa da buhu ma tana rage yawan ruwan da za a zuba.

Siminti yana cin fata. Mai kwaɓi ya sa safar roba da takalmi, wanda ya faɗa wa ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a nufi likita, yara kuma a nisanta su da wurin. Mai yanka birgi da inji ya jiƙa shi, ya rufe hanci, ƙurar tana zama a huhu.

Saura maƙwabci. Tushe da birgi da leɓe za su ci kusan taki guda daga hanya. A fili wannan ba komai ba ne, amma a lungu shi ne bambancin amalanken hatsi ta wuce ko ta maƙale, shi ne kuma ke karkatar da ruwan unguwa ya doshi gindin katangar wanda ke fuskantarka. Hanya tana da haƙƙi. Kafin a sa magirbi a ƙasa, kira maƙwabcinka ka nuna masa inda zare zai bi, in wurin da ƙunci a sanar da mai unguwa. Shi ma magini a yi magana da shi a gaban shaida, a faɗi zurfin tushe, da awon kwaɓi, da hula, da wanda zai shayar da ginin, sannan a yanke lada. Tun ran gini ran zane. Kuma ranar da za a zuba tushe, maigida ya tsaya a wurin da kansa.

Idan an gama, kafin a biya cikon lada, ɗebo bokitin ruwa ka kwarara a kan dakalin kusa da bango, ka tsaya ka ga inda ya nufa. In ya gangara waje ya ɗiga daga leɓe, madalla. In ya kwanta, ko ya juya wajen katanga, a gyara tun magini bai tattara kayansa ba. Sannan ranar ruwan farko na damina, da ya ɗauke, fito ka zagaya gindin birgin ka duba ko ƙasa ta fara yashewa, ka cike da tsakuwa tun ramin bai wuce tafin hannu ba.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, musamman maginanmu, muna son jin abin da kuke gani a wurin aiki. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau soro mu duba indararo da yaɓen rufi. A gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)